Ƙari ɗaya mai fuska biyu a hanta: abin da ya sa takardun gwaji suka saɓa wa juna

Tambaya: Likita, an ga ƙari a hantar mahaifina mai shekara 62. Da aka ɗebo ɗan nama da allura, aka ce kansar bututun matsarmama ce ta cikin hanta. An yi masa tiyata an cire, amma takardar da ta fito bayan aikin ta rubuta MiNEN, wai akwai adinokasinoma da niyuro-endokirin a haɗe, Ki-67 kuma kashi 70 cikin 100. Yanzu likitansa ya ce zai canza maganin da aka tsara da farko. Kuskure aka yi a gwajin farko? Kansa biyu ke gare shi? Kuma me ya haɗa shi da maganin da na ji an ce na kansar huhu ne?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, 'yar'uwa, ya sa kaffara ce. Bari in fara da abin da ya fi tsaya miki a rai. A mafi yawan irin wannan hali, likitan da ya duba naman farko bai yi kuskure ba. Abin da aka kawo masa shi ya gani, shi ya rubuta. Ƙarin da aka cire wa Baba guda ɗaya ne, sai dai fuskarsa biyu, allura ta taɓo ɗaya ta bar ɗaya. Canjin magani kuwa ya biyo fuskar da aka gano daga baya ne, domin ita ce mai gaggawa, ita ce kuma ke jan ragamar ciwon. Likitan da ke riƙe da fayil ɗin Baba shi ne mai yanke hukunci. Nawa shi ne in warware miki zaren yadda in kin zauna gabansa za ki san abin da ake faɗa.

Hanta ba nama iri ɗaya ba ce. Mafi yawanta ƙwayoyin hanta ne na asali, masu tace jini da haɗa ruwan matsarmama. A tsakaninsu akwai ƙananan bututu sun yi rassa kamar saiwar bishiya, suna kwashe wannan ruwa su kai shi hanji. Cikin kansar da ke tasowa daga hantar kanta, wadda ta fi yawa daga ƙwayoyin asali take fitowa. Mai bi mata ita ce ta bangon waɗannan bututu, wadda ake kira kolanjiyokasinoma. Idan aka sa ta ƙarƙashin madubin gwaji, za a ga ƙwayoyinta suna ƙoƙarin jeruwa su yi zobe-zobe kamar bututu, wani lokaci da yauƙi a tsakiya. Duk kansar da ta yi wannan siffa, ko a hanji take ko a huhu ko a hanta, ita ake ce wa adinokasinoma. Wannan ce fuskar da allura ta ɗebo.

Fuska ta biyu ita ce ke buƙatar dogon bayani. A cikin bangon hanji da ciki da huhu da fankiriyas, wato gaɓar da ke bayan tumbi mai yin sinadarin insulin, akwai wasu ƙwayoyi a warwatse, ɗaya nan ɗaya can, waɗanda aikinsu aika saƙo ne. Suna karɓar sigina kamar yadda jijiyar ƙwaƙwalwa ke yi, sannan su saki sinadarin homon, mai kai umarni ga wasu sassan jiki, cikin jini. Daga waɗannan halaye biyu sunan niyuro-endokirin ya samo asali. Ni nakan ce musu ƙwayoyin saƙo, don ya fi sauƙi a baki. A bututun matsarmama ba su da yawa, amma sukan ƙaru idan bututun ya daɗe yana kumburi.

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, har da wasu ma'aikatan lafiya. Kansar ƙwayoyin saƙo gida biyu ce, kuma suna kawai ya haɗa su. Gida na farko shi ne wanda za ki ga an rubuta NET. Ƙwayoyinsa suna kama da lafiyayyu, girmansa a hankali yake, mutum yakan yi shekaru da shi. Irinsa ne wani likitan Jamus, Siegfried Oberndorfer, ya bayyana a 1907, ya kira shi da sunan da ke nufin mai kama da kansa, don a ganinsa bai kai kansa ba. Gida na biyu shi ne NEC. Ƙwayoyinsa sun yi nisa da siffar asali, suna rabuwa ba kama hannun yaro, suna shiga jijiyoyin jini da kaluluwa da wuri. Shi ma kashi biyu ne, mai ƙananan ƙwayoyi da mai manya. Idan kika shiga intanet kika rubuta sunan kawai, labaran gida na farko za su fi fito miki, masu daɗin ji, alhali ba su shafi Baba ba.

Abin da ke taimakawa wajen raba su shi ne siffar ƙwayoyin da kuma lambar nan da kika ambata. Ki-67 wani furotin ne da ke bayyana a cikin ƙwaya idan tana shirin rabuwa gida biyu. An gano shi a birnin Kiel na Jamus a farkon shekarun 1980, daga nan harufan Ki suka fito. Ana shafa rini na musamman a kan naman, duk ƙwayar da ke rabuwa sai ta rine, a ƙirga. Ƙasa da kashi 3 cikin 100 mataki na ɗaya ne. Daga 3 zuwa 20 mataki na biyu. Sama da 20 mataki na uku. Kashi 70 na nufin a cikin kowace ƙwaya 10 ta wannan ɓangare, 7 suna kan hanyar rabuwa. Da wannan lamba, kusan tabbas ɓangaren na Baba NEC ne. Amma ki duba takardar ki ga an rubuta hakan ɓaro-ɓaro, domin akwai NET mai mataki na uku wanda lambarsa ta haura 20 amma siffarsa ba ta lalace ba, kuma maganinsa daban.

Sai sunan MiNEN. Ma'anarsa a taƙaice: ƙari mai haɗe da ɓangaren ƙwayoyin saƙo da ɓangaren da ba nasu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ke tsara waɗannan sunaye. A 2010 ta kira shi MANEC, sunan da ke nuna cewa haɗin kullum adinokasinoma ne da kansar saƙo mai zafi. Da aka ga ba kullum haka yake ba, sai aka kawo MiNEN a 2017 don fankiriyas, a 2019 kuma aka faɗaɗa shi ya mamaye duk hanyar abinci da hanta da bututun matsarmama. Saboda haka in kin ga MANEC a tsohuwar takarda, na Baba ake nufi. A hanta haɗin kan zo iri biyu: ko kansar saƙo da kansar ƙwayoyin hanta na asali, ko kansar saƙo da ta bututu. Na farkon ya fi bayyana a rubuce-rubucen likitoci. Na Baba shi ne na biyun, kuma ƙarancinsa ya kai matsayin da likitoci ke rubuta labarin majinyaci ɗaya ɗaya a mujallu. An fi ganin irin wannan haɗi a babban hanji da ciki da bututun haɗiye abinci, a yankin hanta kuma an fi ganinsa a jakar matsarmama.

Ƙa'idar ita ce kowane ɓangare ya kai aƙalla kashi 30 cikin 100 na ƙarin kafin a sa masa wannan suna. In gaya miki gaskiya, wannan lamba yarjejeniya ce tsakanin masana, jiki bai san da ita ba. Kansar saƙo mai zafi ko kashi 10 ce kawai tana iya zama ita ce za ta yaɗu. Shi ya sa nake ganin takarda mai kyau ita ce wadda ta faɗi kason kowane ɓangare da matakinsa, ko sun kai 30 ko ba su kai ba.

Ta yaya ƙari ɗaya zai yi fuska biyu? An daɗe ana tunanin kansa biyu ne suka tashi daban-daban a wuri ɗaya suka yi karo. Hakan na faruwa, amma da wuya. Da aka fara yanko kowane ɓangare daban ana karanta ƙwayoyin gadonsa, sai aka ga a mafi yawan lokuta suna ɗauke da lahani iri ɗaya na farko, sannan kowanne ya ƙara nasa. Wato uwa ɗaya ce ta haife su, daga baya suka rabu hanya. Ko dai ƙwaya ɗaya ce mai iya zama komai ta lalace ta ba da zuriya biyu, ko kuwa kansar bututu ce ta fara, wani sashenta ya rikiɗe ya zama na saƙo. A ɓangaren da ya rikiɗe akan samu lalacewar wasu ƙwayoyin gado biyu, TP53 da RB1, waɗanda su ne birkin da ke hana ƙwaya rabuwa ba ƙa'ida. Birki biyu sun tsinke, ga abin da ya ba da kashi 70. Wannan lahani kusan kullum a cikin ƙarin yake faruwa a tsawon rayuwa, ba wanda ake gadar wa 'ya'ya ba ne, don haka ki kwantar da hankalinki game da kanki da 'yan'uwanki. Abin da ya kamata ku gwada shi ne ciwon hanta nau'in B da C, musamman in an same su a jikin Baba. Su da ƙeƙashewar hanta, da tsakuwa a bututun cikin hanta, da daɗaɗɗen kumburin bututun, da tsutsar hanta da ake samu a ɗanyen kifi a ƙasashe irin su Tailan da Koriya, su ne sanannun abubuwan da ke share wa kansar bututu fage. Da yawan majinyata kuma ba a samun ko ɗaya daga ciki.

Yanzu mu koma kan allura, tunda a nan zarginki yake. Zaren naman da allurar gwaji ke fitarwa kaurinsa bai wuce milimita ɗaya da 'yan kai ba, tsawonsa santimita ɗaya ko biyu. Ƙarin kuwa yana iya kai santimita 5 ko 8 ko fiye. Ki ɗauka zane ne mai launi biyu aka naɗe, aka ce ki zaro zare ɗaya ki faɗi launin zanen. In kin zaro ja kin ce ja, ba ki yi ƙarya ba. Ɓangarorin biyu ba lallai su cakuɗe ko'ina ba. Sau da yawa ɗaya yana gefe ɗaya yana tsakiya, kuma tsakiyar ƙari mai saurin girma yakan mutu don jini bai ishe shi ba, mai ɗaukar nama kuma yana guje wa mataccen wuri da gangan don ba a karanta komai a cikinsa. Da aka tattara rahotannin masu wannan ciwo a sassan hanyar abinci, an ga gwajin allura ko na na'urar leƙa ciki ya nuna alamar haɗin a wajen kashi ɗaya bisa uku kawai. Sauran sai bayan tiyata. Ko ƙa'idar kashi 30 ɗin ma ba ta aunuwa sai ƙarin gaba ɗaya yana kan tebur, an yanka shi wuri-wuri.

Akwai kuma batun rini. Likitan gwajin nama ba ya shafa kowane rini a kan kowane nama. Siffar da ya gani ce ke gaya masa wanda zai nema. In ya ga zoben bututu sai ya nemi rinin CK7 da na CK19, su tabbatar masa da kansar bututu. Ba abin da zai sa ya nemi na ƙwayoyin saƙo, wato sinaftofaisin da kuromogiranin da INSM1, sai ya ga wurin da ƙwayoyi suka cunkushe ba tsari, cibiyoyinsu sun yi duhu sosai, ba zobe ba yauƙi. A babban naman da aka cire ne ya ga wannan wuri. Abin lura a nan: rini kaɗai ba ya isa. Kansar bututu ta yau da kullum tana iya ɗan rinuwa da sinaftofaisin nan da can ba tare da ta zama MiNEN ba. Dole a ga ɓangarori biyu da ido, sannan rini ya shaida. Saboda ƙarancin ciwon, neman a kai faifan gilashin da aka shimfiɗa naman a kai wurin likitan gwaji na biyu wanda ya saba da kansar hanta abu ne da aka saba yi, kuma likitan kirki ba ya jin haushinsa.

Tambayar da ban ga kin yi ba, kuma ita ce nake so ki riƙe da kyau: an tabbatar daga hantar ƙarin ya taso? Wajen kashi uku bisa huɗu na jinin da ke shiga hanta daga hanji da ciki da fankiriyas da saifa yake zuwa ta babbar jijiya ɗaya. Duk ƙwayar kansa da ta ɓalle daga can, hanta ce masaukinta na farko. Kansar ƙwayoyin saƙo da aka samu a hanta, a mafi rinjayen lokuta baƙuwa ce, wadda ta taso daga hantar kanta ba ta kai kashi ɗaya cikin 100 na irin waɗannan kansa ba. Don haka ba a cewa ta hanta ce sai an bincika ko'ina ba a ga uwar ba: hoton CT na ƙirji da ciki, leƙa ciki ta baki, leƙa babban hanji ta ƙasa, a duba jakar matsarmama da fankiriyas da kyau. In akwai halin yin hoton PET, shi ma iri biyu ne. Mai amfani da sukari mai haske, FDG, yana kama kansa mai saurin girma don tana zuƙar sukari da yawa, shi ya fi dacewa da Baba. Ɗayan, mai galiyom 68, yana neman wata ƙofa ce ta homon somatostatin wadda NET mai sanyi ke da ita da yawa, NEC kuwa sau da yawa ta rasa ta.

Gwajin jini ba na ba shi nauyi sosai a nan. CA 19-9 yakan hau a kansar bututu, amma toshewar bututu kawai ma tana ɗaga shi, wasu mutane kuma jikinsu ba ya yin sa ko kaɗan. Kuromogiranin na jini ba abin dogaro ba ne a NEC, magungunan gyambon ciki irin su omefirazol ma suna ɗaga shi. Amfaninsu shi ne in ɗaya ya hau kafin tiyata ya sauka bayanta, sai a riƙa bibiyarsa.

An yi wa Baba tiyata, wannan babbar nasara ce, domin ita ce kaɗai hanyar da ke da damar raba mutum da ciwon gaba ɗaya, kuma da yawa ba sa samunta don ciwon ya riga ya yaɗu kafin a gano. A takardar aikin ki nemi abu uku. Bakin yankan, shin tsaf yake ba kansa, wanda ake rubutawa R0, ko an ga ƙwayoyi a gefen, R1. Kaluluwa nawa aka cire, nawa ne suka kamu, kuma ana son a cire aƙalla 6 don a iya auna matakin ciwon daidai. Na uku shi ne wanda aka fi mantawa: in an sami kansa a kaluluwa ko cikin ƙananan jijiyoyin jini, wane ɓangare ne ya shiga? A mafi yawan lokuta na saƙo ne, kuma wannan amsa ita ce hujjar likitan da ya canza magani.

Da a ce kansar bututu ce zalla, abin da aka saba bayarwa bayan tiyata ƙwayar kafesitabin ce ta tsawon wata 6, bisa wani bincike da aka yi a Birtaniya kan mutum 447 wanda aka wallafa a 2019. Ina kyautata zaton ita aka tsara da farko. Amma an auna ta ne a kan adinokasinoma. Ga NEC, abin da aka sani yana aiki shi ne haɗin etofosayid da sisfilatin, ko ƙanwarsa kabofilatin. Gaskiya ne maganin kansar huhu ne, irin mai ƙananan ƙwayoyi, kuma dalilin shi ne ita ma wannan kansar huhun NEC ce. A ƙarƙashin madubi da ƙyar ake bambanta su, lalacewar TP53 da RB1 ma ta haɗa su. Magani siffar ƙwaya da halinta yake bi fiye da gaɓar da ta zauna. A 1991 likitocin asibitin Mayo na Amurka suka wallafa sakamakon ba masu kansar ƙwayoyin saƙo wannan haɗi. Cikin 18 masu nau'i mai zafi, ƙarin ya ragu a jikin 12. Cikin 27 masu nau'i mai sanyi, 2 kawai. Wani babban bincike na ƙasashen arewacin Turai da aka wallafa a 2013 ya ƙara haske: waɗanda Ki-67 ɗinsu ya kai 55 ko ya wuce, kashi 42 cikin 100 sun amsa maganin, na ƙasa da haka kuwa kashi 15. Kin ga lambar da ta tsorata ki ita ce kuma ke nuna maganin zai fi kamawa, domin kemo, wato irin wannan maganin kansa, ƙwayar da ke rabuwa yake kai wa hari.

Babu wani babban gwajin magani da aka yi a kan MiNEN na hanta shi kaɗai, majinyatan ba su kai yawan da za a yi shi ba. Likitoci aro suke yi daga kansar da ta fi kama da shi, kuma ƙa'idar da aka fi yarda da ita ita ce a bi ɓangaren da ya fi zafi. Wasu sukan zaɓi haɗin da zai taɓa ɓangarorin biyu, irin su FOLFOX ko FOLFIRI, musamman in ɓangaren bututu ne ya fi yawa ko Ki-67 bai kai 55 ba. A lambar Baba, ni ma inda likitansa ya nufa nan zan nufa. Ko ba komai sisfilatin yana cikin maganin kansar bututu ma, tun da wani bincike na 2010 ya nuna haɗa shi da jemsitabin ya fi jemsitabin shi kaɗai, don haka ba a yi watsi da ɗaya fuskar gaba ɗaya ba. Irin wannan shawara ba ta likita ɗaya ba ce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: mai tiyata, da likitan kansa, da mai gwajin nama, da mai karanta hoto su zauna kan fayil ɗin tare.

Wata ila wani ya kawo miki labarin allurar wata-wata, okitiriyotayid ko lanriyotayid, ko maganin lutishiyom 177. Magunguna ne na ƙwarai, amma na gida na farko ne, masu waccan ƙofa ta somatostatin. A NEC galibi ba su da wani tasiri. Dashen hanta ma ba a yi wa mai NEC, don ciwon kan dawo da sauri idan aka danne garkuwar jiki.

Yadda ake ba da maganin: zagaye ɗaya kwana 21 ne, ana sa ruwan magani kwana uku na farko, sauran hutu ne, akan yi zagaye 4 zuwa 6. Ana son farawa da zarar ya murmure daga tiyata, ba a ja lokaci, don irin wannan kansa ba ta jira. Kafin a fara, ki tabbata an yi masa gwajin ciwon hanta nau'in B, har da gwajin da ke nuna tsohon kamu da ya lafa. Kemo yana iya tayar da ƙwayar cutar da ta yi shekaru tana barci ta afka wa ragowar hantar, alhali ƙwaya ɗaya a rana ta entekabir ko tenofobir tana hana hakan. Na ga majinyacin da kansa ba ta kayar ba wannan sakaci ya kayar da shi, shi ya sa nake nanata shi. Sisfilatin yana taɓa ƙoda da ji da jijiyoyin yatsu, don haka ake auna ƙoda kowane zagaye a kuma ƙara ruwa mai yawa. In ƙodar ba ta da ƙarfi ko jinsa ya ragu, kabofilatin ya fi masa sauƙi. Etofosayid yana zubar da gashi, yana kuma danne ɓargo, fararen ƙwayoyin jini su yi ƙasa wajen mako na biyu. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 a wannan lokaci na asibiti ne a daren, ba a jiran gari ya waye, ba a kuma rufe shi da farasitamol. Duk wani jiƙo ko garin magani ko ƙwayar ƙarin kuzari da masu fatan alheri za su kawo, a nuna wa likita tukuna. Hantar da aka yanke wani sashenta tana kan tofowa, ita da ƙoda ne kuma ke tace etofosayid, ba ta da sararin ɗaukar wani nauyi.

Ba zan ɓoye miki ba, ciwo ne mai tsanani. Ko an cire shi tsaf yakan dawo, galibi cikin shekara ɗaya ko biyu na farko, a ragowar hanta ko kaluluwa ko huhu ko ƙashi. Alkaluman da za ki ci karo da su na watanni 11 ko 12 na waɗanda ciwonsu ya riga ya yaɗu ne ba a yi musu tiyata ba, kada ki ɗora su a kan Baba. Abubuwan da ke ba da fata su ne bakin yanka mai tsafta, kaluluwa ba kamu, hanta mai lafiya, da ƙarfin jikin da zai iya kammala maganin. Bibiya kuwa hoton CT ne kusan kowane wata uku a farko, sannan a riƙa tsawaitawa. Idon da ya yi rawaya, fitsari mai duhu, ƙaiƙayin jiki, kumburin ciki, rama, ko ruɗewa da yawan barci ba sa jiran ranar da aka ba ku. Ruɗewar nan wani lokaci gishirin jini ne ya faɗi ko sinadarin kalsiyom ya hau, saboda homon da ɓangaren saƙo ke iya saki, kuma ana gyara shi.

In ya dawo, a sake ɗebo nama daga sabon wurin in zai yiwu. Mai fuska biyu ba a san da wadda zai dawo ba. Kemon farko yana iya murƙushe ɓangaren saƙo ya bar na bututu, a lokacin kuma magani ya koma jemsitabin da sisfilatin tare da durbalumab, mai zaburar da garkuwar jiki, wanda aka ƙara a tsarin kansar bututu tun 2022. A kansar bututu ta cikin hanta akan samu lahani a ƙwayar gado ta FGFR2 ko ta IDH1 a wani kaso na majinyata, kuma kowannensu yana da ƙwayar magani tasa. Ana yin wannan gwaji ne a kan naman da aka riga aka cire, wanda ɗakin gwaji ke adanawa cikin dunƙulen kaki tsawon shekaru. Ki rubuta lambar dunƙulen da sunan ɗakin gwajin da ke riƙe da shi, ki ajiye tare da kwafin takardun biyu, ta allura da ta tiyata. Duk likitan da zai ga Baba nan gaba, su zai fara tambaya.